Takardun ƙawancenmu da Faransa sun cika shekara 50

A shekarar 1999 ƙungiyar tsaro ta OTAN, tana cika shekara 50 da kafuwa, ta buɗe ɗakin ajiyar tsofaffin takardunta a Burusel. Ƙa'idarta ita ce: takarda in ta kai shekara 30 a duba ta, in ƙasashen ƙungiyar sun yarda a cire mata hatimin sirri. Ba don tsoron Allah suka yi ba. Talakawan da ke biyan kuɗin bindiga ne ke da bakin tambaya.

To, Nijar ma ta taɓa shiga ƙawancen tsaro. Ran 24 ga Afrilu 1961 gwamnatin Diori Hamani, tare da Kodebuwa da Dahome, ta rattaba hannu kan yarjejeniya da Faransa. A cikinta har da sharaɗin fifita Faransa wajen sayar da ma'adinai irin su uraniyom. Rubutun yarjejeniyar ba ɓoyayye ba ne. Abin da bai iso kunnen talaka ba shi ne aikin da aka yi a inuwarta.

A nan ne maganar ta shafi Gabi. Gari ne na bakin iyaka, fatakensa sun san hanyar Jibiya da Katsina fiye da ta Yamai. A 1964, sa'ad da mayaƙan Sawaba, jam'iyyar Jibo Bakari da aka haramta tun 1959, suka kutso ta iyakokin kudu, zargi ya faɗa kan mazauna bakin iyaka, kame kuma ya yi yawa a ƙasar Maraɗi. Faransawa suna cikin ma'aikatar tsaron ƙasa a lokacin, sojansu yana Yamai har bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 1974. Wa ya rubuta sunayen da aka kama? Wa ya ba da umarni? Wane ne ya yi tsegumin maƙwabcinsa don gona ko rumfar kasuwa? Waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa.

Dokar Faransa ta 2008 ta sa wa'adin shekara 50 ga takardun sirrin tsaro. Ke nan na 1961 zuwa 1974 sun nuna, sai mai tsinka. Ruwanda ta matsa lamba, aka buɗe wa masana takardu, rahoto ya fito a 2021. Kamaru ta samu nata a 2025. Nijar ta soke yarjejeniyoyin soja a Agusta 2023, sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba, amma soja ya tafi da jakarsa, takardu kuwa suna can Bansan da Nant. Ya kamata hukuma ta nemi kwafinsu, a ajiye a Yamai da Maraɗi, a kuma fassara muhimmansu da Hausa, domin manomin Gabi ba zai nemi biza don karanta abin da aka rubuta kan ubansa ba.

Sai dai mai neman a buɗe masa rumbun wani ya fara da nasa. Taron ƙasa na 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafi; ma'aikaci nawa ne ya taɓa riƙe kundinsa? Kowane ɗan kasuwa ya san ranar da littafin bashi ya ɓace, mai ƙarfi ke faɗin abin da aka biya.

Ga kuma sabon ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, wanda aka ƙulla ran 16 ga Satumba 2023. Tun yana ɗanye ya kamata a rubuta masa wa'adi: shekara kaza takarda ta fito, da sunan ofishin da zai adana ta da wanda za a tuhuma in ta salwanta.