Sakaci Ne, Ba Tsautsayi Ba

Duk ranar da bututun najasa ya fashe a tsakiyar birni, kalmar da ke fara fitowa daga bakin mahukunta ita ce "tsautsayi". Ni kam ban yarda da wannan kalma ba. Tsautsayi shi ne abin da ya auka wa mutum ba zato ba tsammani. Bututun da ya shekara 40 ko 50 a binne, ba wanda ya taɓa duba lafiyarsa, in ya fashe sakaci ne ya kai ƙarshensa.

Bututun najasa iri biyu ne. Akwai wanda ƙazanta ke bi da kanta saboda gangara. Wannan yana da ramukan shiga a kan titi, ana iya zura masa kyamara a ga cikinsa. Akwai kuma wanda injin ke tura ƙazantar cikinsa da ƙarfi, domin ta hau tudu ko ta yi tafiya mai nisa zuwa matatar da za a tsabtace ta. Wannan na biyun kullum a cike yake, ba shi da ramukan shiga, kuma ba a iya tsayar da shi na dogon lokaci, don gari ba ya daina zagayawa. Wahalar duba shi ita ce mafakar masu ƙin duba shi.

Amma ɓarnar da ke cin sa ba ta jiran kowa. A wuraren da bututun ya yi tozo, iska takan taru ta maƙale. A cikinta akwai gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ƙwayoyin bakteriya ke mayarwa asid. Asid ɗin sai ya riƙa cin saman bututun daga ciki, ƙarfe ne ko kankare, har ya zama kamar ɓawon ƙwai. Daga waje kuma ƙasa mai gishiri na sa masa tsatsa, ga bugun matsi duk sa'ad da injin ya tashi ko ya tsaya.

Mai neman shaida ya dubi birnin Fort Lauderdale na jihar Florida a Amurka. A watan Disamba na 2019 wani bututu mai faɗin inci 54 ya fashe a unguwar Rio Vista, wasu kuma suka bi sahu. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2020, sama da galan miliyan 200 na najasa sun malala kan tituna da hanyoyin ruwan da birnin ke tinƙaho da su. Kifaye suka mutu, aka gargaɗi jama'a su nisanci ruwan. Jihar ta ci birnin tarar kimanin dala miliyan 2, aka kuma shimfiɗa sabon bututu cikin gaggawa a kan dala miliyan 65. Abin takaicin shi ne, shekaru kafin haka hukumar birnin ta riƙa kwasar miliyoyin daloli daga kuɗin ruwa da najasa da jama'a ke biya tana zubawa a wasu hidimomi. A ina tsautsayi yake a nan?

Masu kare sakaci sukan kawo hujja biyu. Ta farko, wai babu hanyar ganin cikin bututun da ke aiki. Wannan magana ta tsufa. Yau akwai na'ura mai siffar ƙwallo, irin su SmartBall, da ake jefawa cikin bututu ta bi ruwa tana saurare, ta nuna inda ke yoyo da inda iska ta maƙale. Akwai masu aiki da maganaɗisu su gano inda ƙarfe ya sirance. Ko da babu waɗannan, ana iya tona wurin da ake zargi a auna kaurin bututun da na'urar sauti, a kuma gyara bawul ɗin fitar da iska.

Hujja ta biyu, wai dubawa na da tsada. Tsada idan aka gwada ta da me? Da tara, da aikin gaggawa, da lafiyar yaron da ya taka najasa a ƙofar gidansu? Bututu ba ya lalacewa gaba ɗaya lokaci guda. Gaɓoɓi kaɗan ne ke ruɓewa. Wanda ya duba zai canza gaɓar da ta mutu ya bar mai rai. Wanda bai duba ba, ko dai ya tone duka da kuɗin talakawa, ko ya zauna jiran fashewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ganina ainihin dalilin ba fasaha ba ne, ba kuma kuɗi ba. Ba a yanke ƙyalle a bikin buɗe rahoton bincike, kuma ba a ɗaukar hoto da bututun da bai fashe ba. Shugaba na son aikin da ido ke gani, sai ya bar wa magajinsa abin da ƙasa ta rufe.

Don haka ina kira da a mayar da dubawa tilas a doka. Kowane birni ya san shekarun bututansa da inda suka bi, ya fara da waɗanda suka ratsa koguna da unguwannin jama'a, ya bayyana sakamakon a fili, kuma kuɗin najasa ya tsaya a kan najasa. Biranen da ke shirin shimfiɗa nasu bututun yanzu su ware kuɗin dubawa tun ranar da suka ware na gini. Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta, kuma kowa ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.