An Yi Dakta da Unguwarmu, Ko Shafi Ɗaya Ba Mu Gani Ba

Wannan makon zan taɓo manya, a yi mini afuwa.

Shekara uku ke nan wani bawan Allah ya zo unguwarmu, nan cikin badala, da jaka cike da takardun tambayoyi. Ya ce digirin dakta yake yi a wata jami'a, a kan yadda jama'a suke haɗa hannu da hukuma wajen tafiyar da unguwanninsu. Mai unguwa ya haɗa shi da ni saboda ina ɗan taɓa Turanci. Mako biyu muna bin lungu-lungu. Dattawa suka buɗe masa ciki: yadda ake gayyar yashe kwata kafin damina, yadda ake kashe rigimar katanga a zaure ba a je kotu ba, da labarin kududdufin da aka cike aka yi shaguna, ruwa ya rasa hanya ya koma ɗakunan mutane. Bara na ga hotonsa a Facebook da rigar kammala karatu. Allah ya sa albarka. Amma har yau ko shafi ɗaya bai dawo unguwar ba.

Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ake ba da maki a kai ya yi. Ku dubi tsarin. Ɗalibi zai fara da kwasa-kwasai: dabarun bincike, ra'ayoyin masana, ƙididdiga. Ya ci jarrabawa, ya gabatar da muƙalu, ya kare tsarin bincikensa, a ƙarshe ya kare kundi a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'ar. A duk matakan nan alƙalansa malamai ne. Kundin yana ta maganar "haɗa hannu da al'umma", amma al'ummar ba ta da kujera ko ɗaya a ɗakin da ake yanke hukunci. Wannan ai aski ne a bayan mai kai.

Kuma Kano ba yau ta fara mulkin unguwa ba. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba masarauta da ikon gudanarwa, yau cikin gari yana hannun Dala da Gwale da ƙaramar hukumar Birni. Duk da haka, in gini ya rufta da tsakar dare ko an tsinci yaro, ƙofar mai unguwa ake bugawa, mutumin da ba shi da kasafin kuɗi ko na sisi. Yadda yake riƙe jama'a a haka, wane kwas ne yake koyar da shi?

Na san abin da za a ce. Mai unguwa bai san ƙididdiga ba. Gaskiya ne, kada a tambaye shi ita. Amma ya san ko abin da aka rubuta a kan unguwarsa ya faru ko bai faru ba, abin da farfesan da ya kwana a otal ya duba kundi ba zai iya sani ba. Za a kuma ce Hausa ba za ta ɗauki zurfin ilimi ba. A Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello ana rubuta kundin dakta sukutum da Hausa a sashen harsuna. Alhaji Abubakar Dokaji ma da Hausa ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari. Masu cewa me mai difloma ya sani a kan digiri na uku kuwa, na yarda ban taɓa zama ajin ba. Jakar dai ni na riƙe.

Abin da nake nema kaɗan ne. A sa zaman zauren mai unguwa cikin kwas, na zango guda, mai maki. Kafin ranar kare kundi, ɗalibi ya koma wurin da ya yi bincike ya karanta taƙaitaccen sakamakonsa da Hausa, a rubuta gyaran da mutane suka yi, a haɗa da kundin a aika wa mai jarrabawa. Wanda bai yi ba kada a sa masa rana. A kuma ajiye kwafin Hausar a Gidan Makama ko Laburaren Murtala Muhammad, inda ɗan unguwa zai iya zuwa ya karanta.

Mu ma marubuta kada mu yi dariya. Nawa ne cikinmu aka haifa tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa, amma jaruman littattafanmu ba sa sauka ko'ina sai Abuja da Dubai? Ni kaina mako biyun nan ban rubuta komai a takarda ba, fassara kawai nake yi ina jin daɗin ana ce mini ɗan boko. Dattijon da ya ba da labarin kududdufin ya rasu da azumin da ya wuce, Allah ya jiƙansa. Muryarsa ta kusan awa biyu tana cikin wayar dakta, lambar da ya bar mini kuma ta daina shiga.