Sanarwar Bayan Taro: Matsayar Matasa Kirista na Ƙasar Gumel kan Ramuwa da Neman Haƙƙi

Zumuntar matasa Kirista daga Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ta yi zaman wuni biyu a Ɗanzomo, tare da fastoci, dattawa da iyayenmu mata. Tambaya ɗaya aka baje a faifai: idan an zalunci mai bin Almasihu, me ya halatta ya yi da hannunsa?

ABIN DA AKA TATTAUNA

Ba a rufe ciwo ba. Wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce: "Baba Fasto, kunci biyu Allah ya ba mu. An mari na dama, an mari na hagu. Ina na uku?" Ya tuno majami'un da aka ƙona a Dutse a Satumba 2006, da na Damagaram a Janairu 2015. Wasu suka kawo kukan gida: gero da dabbobi suka cinye ana dab da girbi, da takardar neman filin sujada da ta shekara ba amsa.

Masu ra'ayin kare kai sun kafa hujja da Luka 22, inda Yesu ya ambaci sayen takobi. Dattawa suka ce a ƙarasa surar: da aka zare takobin, shi ne ya tsawatar, ya kuma warkar da kunnen da aka sare.

An daɗe a kan labarin Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta soma a Garkida a 1923, tushenta kuwa masu bi ne da suka tashi a Jamus a 1708 da aƙidar ƙin yaƙi. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban shekarar, Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi. Duk da haka ekklesiyar ba ta kafa runduna ba. Maimakon haka, wani ma'aikacinta ya jagoranci gina matsuguni a Gurku, Jihar Nasarawa, inda 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista ke zaune tare.

An kuma tuna Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, amma ya koma aikin sulhu da tsohon abokin gabarsa, Imam Muhammad Ashafa. Haka nan Liman Abubakar Abdullahi na Nghar, Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da gidansa a Yunin 2018. Da tsayuwa a bakin ƙofa ya cece su, ba da makami ba.

MATSAYAR TARO

1. Ba za mu rama ba. Ramuwar gayya ba ta cika faɗa wa mai laifi ba. Mai shayi da matafiyi take samu. Duk ɗan zumuntar da ya shiga taron ɗaukar fansa ya fita daga tafarkinmu.

2. Ƙin ramuwa ba haɗiye zalunci ba ne. A Yohanna 18, da dogari ya mari Yesu, ya tambaye shi dalili. Bulus ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, daga baya ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar. Mu ma za mu yi magana.

3. Kowace ɓarna a rubuta ta da rana, wuri da shaidu, a bi ta kan mai unguwa, dagaci, hakimi, har fadar Mai Martaba Sarkin Gumel, ko 'yan sanda da kotu. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin addini.

4. Kafin damina, wakilanmu za su ziyarci limamai da arɗaɗɗan yankin kan batun burtali da gonaki. Zumuncin da ba a ƙulla da rani ba, ba ya tsayar da wuta ranar tashin hankali.

5. Zaluncin da aka yi wa maƙwabcinmu Musulmi ko Bafulatani, namu ne. Wanda ba ya kuka sai an taɓa nasa, ba adalci yake nema ba.

6. Ba za mu tura hoto ko saƙon murya na tunzuri a WhatsApp ba.

7. Batun magidancin da aka faɗo wa gida da dare, iyalinsa na bayansa, ya raba kan taro. Wasu sun ce ya tare da abin da ya samu, wasu sun ce ko a nan kada ya zubar da jini. Ba mu tilasta haɗuwar baki ba; mun miƙa wa fastoci su zo da koyarwa a zama na gaba.

Muna godiya ga jama'ar Ɗanzomo, musamman maƙwabta Musulmi da suka ara mana tabarmi da randunan ruwa. Allah ya bar zumunci.

Sa hannu:
Shugaban Zumunta
Sakatare