Sandar Kamun Salmon: A Duba Kogi Kafin A Duba Kuɗi

A ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, akwai wani kifi da ake kira salmon. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya yi ƙiba, sa'an nan ya komo kogin nan nasa domin ya yi ƙwai. In ya komo ba ya cin abinci, amma duk da haka masunta suna ruɗinsa da ƙudan ƙarya, watau gashin tsuntsu da aka ɗaura wa ƙugiya. Ƙudan nan ba shi da nauyi. Nauyin igiya ne yake kai shi tsakiyar ruwa, sanda kuwa ita ce mai wurga igiyar. To, a wajen sayen sandar nan ne mutane da yawa suke ɓarnar kuɗi.

Akwai sanda ta fam 200, akwai wadda ta wuce fam 1,000. Sabon shiga yakan zaci mai tsadar ita ce mai kama kifi. A ganina ya fara tambaya daga ƙarshe. Tambayar fari ita ce, wane kogi za ka shiga, a wane lokaci kuma? Manyan koguna kamar Tay da Spey da Tweed, sa'ad da ruwa ya cika, suna bukatar sanda mai hannu biyu ta ƙafa 14 ko 15, da igiya mai lamba 9 ko 10. In ruwa ya janye, ko kuwa ƙaramin rafi ne, ƙafa 12 ko 13 ta isa. Wanda ya kai sandar ƙafa 15 ƙaramin rafi mai itatuwa a baki, komai tsadarta, da rassa zai wuni yana faɗa.

Ku tuna da Alexander Grant. A shekarar 1895 ya wurga igiya har yadi 65 a Kogin Ness, da sandar katako mai nauyi wadda tsawonta ya kai ƙafa 21, aka kuwa yi fiye da shekara 100 ba a wuce shi ba. Tun wajen 1973 aka fara yin sanduna da zaren kabon, har yau ta fam 200 ɗin ma ta fi tasa rashin nauyi nesa ba kusa ba. Sanda ba ta rage wa kowa kome ba, hannu ne ya rage.

Ban ce mai tsada banza ce ba. Takan fi sauƙin ɗauka, mutumin da yake tsaye cikin ruwa daga safe har yamma, mako bayan mako, kafaɗarsa za ta shaida bambancin. Amma mai zuwa kwana 5 a shekara fa? Gara ya sayi matsakaiciya, ragowar kuɗin ya nemi igiyar da ta dace da ita, ya biya kuɗin izinin kamun kifi, ya kuma biya gwani ya koya masa wurgi. Igiyar da ba ta dace ba takan mai da sanda mai kyau sai ka ce muciya.

Akwai kuma haƙƙin kifin kansa. Salmon yana ƙarewa, har a 2023 aka sa na Birtaniya cikin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu. Yanzu a Sikotlan fiye da 9 cikin 10 na waɗanda aka kama akan sake su cikin ruwa. Sanda mai laushi ainun takan ja kokawa ta yi tsawo, kifi ya galabaita, a sake shi ya je ya mutu. Saboda haka wanda ya ƙi sanda mai ƙarfi domin wai marar nauyi ta fi daɗi a hannu, kifi ne yake biya masa.

Kafin ka ba da ko kwabo, ka tambayi mai lura da kogin da za ka shiga wace sanda ake riƙewa a wurin. Ka ari irinta, ka wurga ta awa ɗaya a bakin ruwa, gobe da safe ka ji abin da kafaɗarka ta ce.