Karatun Gida da Haƙƙinsa a Kundin Hotuna

Duk wanda ya ratsa lungunan Williamsville bayan sallar asuba, tun motocin gbaka ba su cika hanyar Adjamé da hayaniya ba, lalle zai ji muryoyin yara suna biya karatu daga cikin gidajen haya, inda kaka, ko uwa, ko wani ƙanen uba da bai fita kasuwa ba tukuna, ya zaunar da su bisa tabarma, wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, babbar cikinsu kuwa tana fama da izun Sabbi. Wannan karatu shi ne asalin tarbiyyar 'ya'yan Hausawa mazauna Abijan, amma kuma shi ne wanda ya fi kowane rashin alama a bayansa.

Dalili kuwa a fili yake. Tun shekarar 2015 hukumar Kwaddibuwa ta wajabta wa kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16 shiga makaranta, lakwal kuwa ba ta barin ɗalibi ya fita hannu sake, domin akwai takardar sakamako mai hatimi, akwai hoton aji da malami a tsakiya, akwai rajista da za a iya buɗewa bayan shekara 30 a ga sunan mutum. Allo fa? Da yaro ya riƙe abin da aka rubuta masa sai a wanke, a shanya, a sake rubutu, ta yadda kafin ya kai Tabara an shafe Fatihar da kakansa ya rubuta masa da alƙalamin gamba tun da daɗewa; in ban da allon zayyana na ranar sauka, wanda shi ma ba kowa ke kaiwa gare shi ba, babu wani abin da ke shaida cewa an yi shekaru ana wahala a wannan tsakar gida.

Abin da nake gani ke nan ya kamaci kowane magidanci: ya riƙa haɗa kundi guda na hotuna a kowace shekara, wanda aka keɓe don karatun gida kaɗai, ba don suna da biki da kwalliyar Sallah ba, waɗanda dama ba su taɓa rasa mai ɗauka.

Tarihin zamanmu a wannan birni ya isa hujja. Bayan da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, Abijan ta zama babbar tashar jiragen ruwa, samarin Nijar suka yi ta kwararowa neman abin kai, kuma mafi shahara daga abin da ya rage na kamanninsu a wancan zamani shi ne fim ɗin da Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauka a Treichville, Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, inda Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama gwani a sinimar Nijar, ya fito a matsayin ɗan dako. Fim ne mai daraja, ba na musu. Sai dai abin da ya ja hankalin Rouch shi ne dako a bakin tasha, da dambe, da gidajen rawa na daren Asabar, domin nan ne ƙofa take a buɗe ga baƙo. Ɗakin da ake biya wa yara Ahalari da Ishmawi ba wurin da Nasara zai shiga da na'urarsa ba ne, mu kuwa da muke ciki ba mu ga abin ɗauka a wurin ba, saboda sabo ya sa mun raina shi.

Wani zai ce ai yanzu kowa da wayarsa, hotuna sun fi ƙarfin ƙirga. Haka ne, amma wayar da aka sace a cunkoson kasuwar Adjamé, ko ta faɗa kwata a ruwan watan Yuni, ko aka sayar da ita ranar da kuɗin haya suka matsa, ta tafi ke nan da abin da ke cikinta. Wadda ta tsira kuwa tana ɗauke da dubban hotuna marasa suna, waɗanda jika ba zai san wace ce wannan tsohuwa mai riƙe da carbi ba. Mutanen da suka ga tarzomar 2011, suka kuma ga yadda ake rushe unguwanni a 'yan shekarun nan, sun san cewa a ranar gaggawa abin da aka tattara wuri guda shi ake iya ɗauka.

Akwai kuma masu ƙyamar hoto saboda addini, kuma ba na ɗaukar maganarsu da wasa, domin malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, wanda ya zaɓi tsantseni kuwa ba a zarge shi. Amma ko shi ɗin yana da rabo a wannan aiki, tunda ba dole ne a ɗauki fuska ba: a ɗauki allon da rubutun a jikinsa kafin a wanke, a ɗauki kurtun tawada, da buzun da malam ke zama, da hannun yaro ranar da ya fara ja da kansa. Musulmi tun farko al'umma ce mai kiyaye silsila, wadda ba ta karɓar ilimi sai ta san daga wa aka ɗauko shi, ijaza kuwa takan zo ne da jerin sunayen waɗanda karatu ya bi ta hannunsu. Abin takaici shi ne wannan silsila tana farawa ne daga manyan shehunnai, ta tsallake wadda ta fara ɗora harshen yaro a kan Bismillah. Mun san Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, saboda ta bar rubutu, mun kuma san ta naɗa mata masu laƙabin jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Amma dubban matan da suka karɓa daga gare su suka biya wa 'ya'yansu a cikin ɗaki, nawa ne aka riƙe sunayensu? Iyayenmu mata na Treichville da Adjamé suna kan hanyar wannan mantuwa, alhali muna da halin hana ta da kuɗin da bai kai na turmin atamfa ba.

Hoton mata, ba sai an faɗa ba, a yi shi da yardarsu da suturarsu, kundin kuwa na gida ne, ba na yaɗawa a Facebook ba.

Aikin ba shi da wuya. A ƙarshen Sha'aban, kafin azumi ya canja tsarin gida, sai a zaɓi hotuna kamar 20, a kai wa mai wanki, a manna su a littafi mai kauri, sa'an nan, wanda shi ne muhimmi, a rubuta ƙarƙashin kowanne sunan yaro da na mahaifinsa, da surar da ya kai, da sunan wanda ya biya masa da garin da shi ma ya yi karatu, da shekarar Hijira da ta Miladiyya. A rubuta da ajami don dattawa, a maimaita da Faransanci don yaran da aka haifa a nan, waɗanda da yawansu Hausar tasu ta fara rauni. Laimar Abijan tana cin takarda, saboda haka a sa kundin cikin leda a ajiye shi a adaka, nesa da bango. In hali ya yi, a wanke kowane hoto sau biyu, a ba mai tafiya gida kashi ɗaya ya kai wa dangi a Tawa, ko Ƙonni, ko Katsina, inda iska ta bushe, takarda kuma ta fi daɗewa.