Harsashi 50 Ba Hujja Ba Ne

A Amurka akwai wata sana'ar sha'awa da ta daɗe a tsakanin maharban ƙaramar bindiga. Mutum zai tsince kwanson harsasan da ya harba, ya wanke shi, ya mayar da shi girmansa na asali da ɗan injin matsi, ya sa sabon makunni a gindinsa, ya auna albarushi ya zuba, sannan ya dasa sabon kai. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda wanda ba a haramta wa mallakar makami ba ya yi haka don amfanin kansa. Mai son sayarwa ne ke buƙatar lasisi. Da yawa daga cikin masu yin ta 'yan gasar harbi ne da ke ƙona dubban harsasai a shekara, kuma akwai masu natsuwa sosai a cikinsu. Amma akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinsu, kuma da ita nake rigima a yau: "Na harba guda 50, ko ɗaya bai cije ba, saboda haka harsashina amintacce ne."

Wannan magana tana da kuskure biyu. Na farko, ta ɗora aminci a kan harsashi shi kaɗai, alhali aikin na taron dangi ne. Na biyu, adadin da take taƙama da shi bai kai ya zama shaida ba.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin bindigar. Ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi tana ajiye harsasanta a cikin magazin, wato ɗan akwatin da ake cusawa ta ƙarƙashin mariƙi. A cikinsa akwai sifirin da ke turo harsasai sama, da ɗan faranti da suke zaune a kai, da leɓɓa biyu a baki masu riƙe na sama. Idan aka harba, ƙarfen saman bindigar yakan ja baya ya tofar da kwanso, ya dawo ya kwashi harsashi na gaba, ya hau da shi wata 'yar gangara, ya zura shi cikin makwancinsa a gindin bututu. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Leɓɓan nan su ke yanke lokacin da za a saki harsashi da kusurwar da zai fuskanci gangara. Su sake shi da wuri, ya miƙe tsaye ya maƙale. Su riƙe shi fiye da kima, hancinsa ya daki gangara ya tsaya.

To, magazin biyu na bindiga ɗaya ba lallai su zama tagwaye ba. Bindigar M1911 ta isa misali. An ƙera magazin ɗinta na asali ne don harsashin soja mai zagayayyen kai, da leɓɓan da ke buɗewa sannu a hankali. Da 'yan gasa suka koma harsashi mai gajeren kai da kafaɗa mai kaifi, wanda ke huda takarda tsaf, sai aka fito da magazin masu leɓɓan da ke sakin harsashi da wuri. Yau duka ire-iren nan suna kasuwa, kuma duk suna shiga mariƙi ɗaya. Ko a magazin guda ma, halin harsashi na farko daban yake da na ƙarshe: idan ya cika, sifirin yana matse da ƙarfi har yana rage wa ƙarfen sama gudu, idan ya kusa ƙarewa, ƙarfin turin ya ragu. Wanda ya cusa harsashi biyar-biyar a magazin ɗin da ya fi so har sau goma bai taɓa gwada cikakken magazin ba, balle sauran huɗun da ke ɗamararsa.

Masu kare waccan magana suna da hujjar da ba a raina ta. Sukan ce akwai ma'auni. Ƙungiyar SAAMI, wadda masana'antun makamai na Amurka suka kafa a 1926, ta fitar da iyakokin girman kowane harsashi. Na milimita 9 da Georg Luger ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20 bai kamata tsawonsa ya wuce inci 1.169 ba, na .45 ACP kuma inci 1.275. Sukan ce sun auna, sun jefa kowane harsashi cikin ma'aunin ƙarfe ya faɗa ya fito ba gardama, to me ya rage? Abin da ya rage shi ne ma'aunin yana ba da labarin harsashin da ke kwance ne, bai san komai ba game da tafiyarsa daga magazin zuwa makwanci. Harsasai biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya mai zagayayyen hanci ɗaya mai faffaɗa, ba wuri ɗaya suke taɓa gangara ba. Harsashin da ya kusa iyakar tsawo yana iya zama lafiya a wannan magazin, ya riƙa gogar bangon gaba a wancan.

Tarihin sojojin Amurka ma ya koyar da wannan darasi, kuma da tsada. Sun karɓi bindigar M9 a 1985 bayan gwaje-gwaje masu tsanani. Amma a yaƙin Iraƙi da aka fara a 2003, sojoji suka yi ta kukan tana cijewa. Da aka bi diddigi, sai aka tarar da babban ɓangaren laifin a jikin magazin ɗin da aka saya ta kwangila: rufin da aka shardanta a yi musu yana da kaushi, yana riƙe lallausan yashin hamada har harsasai su kasa hawa. Daga baya aka sauya rufin. Bindigar ba ta canza ba, harsashin masana'anta ne da ya cika kowane ma'auni, amma ɗan akwatin da ba a cika kulawa da shi ba ya isa ya mayar da makami guntun ƙarfe. Idan haka ta samu rundunar da ke da injiniyoyi da ɗakunan gwaji, me zai sa mai injin matsi a garejinsa ya ɗauka ya fi ƙarfin abin?

Sai batun adadi, inda lissafi ba ya jin kunyar kowa. A ce harsashin mutum yana cijewa sau ɗaya a cikin 100. Yiwuwar ya harba 50 a jere ba tare da matsala ba ta kai kusan kashi 60 cikin 100. Ma'ana, harsashi mai aibi zai ci wannan jarrabawa fiye da sau ɗaya a cikin biyu. Idan kuwa aka je gasar da ake harba 200, yiwuwar ya cije aƙalla sau ɗaya ta haura kashi 86 cikin 100. Masu binciken magunguna suna da wata ƙa'ida ta yatsa don irin wannan hali: idan ka gwada abu sau da yawa ba ka ga aibi ba, raba 3 da adadin gwajin, abin da ya fito shi ne iyakar aibin da har yanzu ba ka kore yiwuwarsa ba. Gwaji 50 ya bar ƙofa a buɗe ga cijewa 6 cikin 100. Sai an kai 300 kafin a sauko zuwa ɗaya cikin 100. Shi ya sa a watan Maris na 1911, kafin sojoji su karɓi bindigar John Browning, sai da aka harba harsashi 6,000 da ita ba tare da ta tsaya ba, yayin da abokiyar takararta ta kamfanin Savage ta samu matsala sau 37.

Me ya sa mutane masu auna albarushi da sikeli mai tsananin daidaito suke sakaci a nan? A ganina, domin suna auna abin da ake hukunta su a kai ne. A gasannin ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a 1976, alƙalai sukan gwada saurin harsashin ɗan takara da na'ura, su ninka shi da nauyin kai, su ga ko ya kai ƙaramin mizanin 125. Wanda ya gaza, makinsa ba ya shiga lissafi. Saboda haka kowa ya san saurin harsashinsa. Hoton ramuka biyar da suka haɗe a takarda kuma abin nunawa abokai ne. Amma littafin da aka rubuta cewa magazin mai lamba 3 ya cije sau biyu a harsashi na farko ba ya kawo wa kowa tafi.

Da a ce asarar maki ce kaɗai a ciki, da na bar su da abinsu. Akwai abin da ya fi haka. Harsashin da hancinsa ya daki gangara yana iya nutsewa cikin kwanso idan riƙon bai yi ƙarfi ba. Kwanson milimita 9 ɗan ƙarami ne, don haka nutsewa kaɗan tana rage wa albarushi fili, matsin wuta kuma ya hau sosai. Maharbin da ya saba ja da ƙarfen sama ya sake cusa harsashin da ya cije, bai duba ba, yana wasa da yatsunsa da idanunsa, da na wanda ke tsaye kusa da shi. Abin ya fi muni idan ya cika jaka ya miƙa wa aboki, wanda bindigarsa da magazin ɗinsa ba su taɓa haɗuwa da wannan harsashi ba. Ba banza ba kamfanonin bindiga da dama suka rubuta a littafin jagoransu cewa garantinsu bai shafi harsashin haɗin gida ba.

Gwajin gaskiya ba ya buƙatar ɗakin bincike, haƙuri yake buƙata. A sa wa kowane magazin lamba. A haɗa 'yan harsasai marasa albarushi da makunni, a bi da su ta kowane magazin, a auna tsawonsu kafin da bayan haka don a ga ko kan ya nutse. A filin harbi, a cika kowane magazin taf, a harbe shi har ƙarshe, da bindiga mai tsabta da kuma bayan ta yi datti, da hannu biyu da kuma hannu ɗaya, tunda sassaucin riƙo yana satar ƙarfin da ƙarfen sama ke buƙata. Duk cijewa a rubuta ta: wane magazin, harsashi na nawa, yaya ya tsaya. Idan za a gyara, a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. In an sauya siffar kai ko tsawo, tsohon sakamako ya faɗi, a koma farko.

Za a ce wannan yana cin kuɗi, alhali don rage kashe kuɗi aka shiga sana'ar. Haka ne, yana ci. Amma wanda ya zaɓi ya zama masana'antar kansa ya ɗauki nauyin sashen duba inganci ma, ba ribar kaɗai ba. In ba zai iya harba 300 ba, ba laifi, sai ya faɗi iya abin da ya sani: guda 50 ne, a magazin ɗaya, rana ɗaya. Ya ajiye kalmar "amintacce" har ranar da littafinsa zai iya tsaya mata shaida.