Reza ba ta maganin gashin haɓar mace

A Bukkuyum, budurwar da gashi ya tsiro wa a haɓa takan ja mayafi ta rufe, ta bi shi da reza a ɓoye. Kwana kaɗan ya dawo. Sau da yawa cutar PCOS ce sanadi: tana ƙara sinadarin maza a jiki, ta rikita al'ada.

Akwai aikin da ke kashe gashin dungurungum. Siririyar allura ake zurawa ramin gashi, lantarki ya ƙone saiwar. Likitan ido Charles Michel ne ya fara wallafa bayaninsa a Amurka a 1875. Sai dai gashi ɗai-ɗai ake bi, watanni ana zarya, ga tsada.

Iyaye su fara kai 'yarsu wurin likitan mata a Gusau ko Sakkwato. In ba a daidaita sinadarin ba, sabon gashi zai yi ta fitowa.